Gwangwanin Baba Kofur

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Kofur ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni a gidan ɗana a Rijiyar Zaki, ko shayin da aka haɗa mini ban kurɓa ba. Garba ne ya bugo, babban ɗan marigayin. Ya ce, "Baba Tica, tsoho ya cika bayan sallar asuba." Na ce masa to. Wallahi abin da ya iya fita daga bakina ke nan.

Tun ɗazu nake ganin hotonsa yana yawo a shafukan 'yan garinmu. Wannan ya rubuta gwarzon mazan jiya, wancan ya rubuta an yi rashin tarihi. Na bi sunayen masu rubutun, na gane gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Jikokin mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna kiransa taɓaɓɓe ne. Madalla da ku. Yana da rai ko sannu ba ku taɓa tsayawa kun yi masa ba, yau kuma kowa kakansa ne.

Amma kada in cika baki. A cikin duk waɗanda suka cuci wannan bawan Allah, ni ne a sahun gaba. Shekara sittin ina ɗauke da abin a ciki, yau zan sauke shi a nan. Rubutun zai yi tsawo. Mai sauri ya wuce abinsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, sunansa Isiyaku. Maƙeri ne ɗan maƙeri, a ƙauyenmu da ke bayan Zakirai. Yana saurayi aka ɗebe shi soja lokacin yaƙin Boma. Ya dawo da igiya biyu a hannun riga, shi ya sa sunan Kofur ya bi shi har yau.

Da Turawa suka gane maƙeri ne, sai suka haɗa shi da masu kula da alfadarai a Indiya, yana yi wa dabbobin takalman ƙarfe. Ubangidansa a wurin wani dattijon maƙeri ne Musulmi, mutumin arewacin ƙasar. Ba sa jin yaren juna sosai, amma wuta ɗaya suke hurawa, sahu ɗaya suke tsayawa. Dattijon nan ne ya fara ba shi wasu tsofaffin kuɗi, ya ce garmar mahaifinsa ce ta tono su a gona cikin tukunya.

Daga nan ciwon tara tsofaffin kuɗi ya kama shi.

Ana raba wa sojoji sigari, shi kuma ba ya sha. Duk kasuwar da suka sauka sai ya nufi rumfar maƙeran azurfa, inda ake tara tsofaffin tsaba a faranti ana jiran a narkar a yi awarwaro. Ya tsuguna ya tona, ya tsinci irin nasa, ya miƙa sigari. Da zazzaɓi ya kwantar da shi a asibitin soja, wani akawu Ba'indiye da ya taɓa koyarwa ya ga abin da yake jujjuyawa a hannu, ya zauna ya ba shi labarin masu kuɗin. Kofur ya rubuce duk abin da ya ji da ajami.

Abokan tafiyarsa sun dawo gida da agogo, da bargo, da akwatin ƙarfe. Shi ya dawo da gwangwanin taba cike da kuɗin da ba za su sayi ko daddawa ba.

Kun dai san mutanenmu. Wasu suka ce ƙarar bindiga ce ta taɓa masa kai. Wasu suka ce gumakan Indiya ya shigo mana da su gari, tunda akwai hoton mutum da dabba a jiki. Amma fa in damina ta kawo kai, duk a ƙofarsa suke layi da fartanya da garma, don daga nan har Zakirai babu mai hannunsa.

Ni na san shi sosai ne bayan na gama makaranta an dawo da ni koyarwa a elementaren garin. Ina ɗan shekara ashirin, ga farin wando, ga alƙalami a aljihu, ina jin duk ƙasar Kano babu mai turancina.

Makarantar ba ta da ƙararrawa, da baki nake tara yara. Ban roƙe shi ba, rannan sai ga shi da guntun ƙarfen mota, ya rataye shi a reshen ɗorawa, ya miƙo mini mabugi. Ya ce, "Tica, daina kashe muryarka."

Ranar Juma'a ba ya hura wuta. In an sauko daga masallaci sai ya share maƙera, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan uwar maƙera, ya zazzage gwangwanin. Ni kaɗai nake zuwa kallo. Gaskiya da farko don in samu abin dariya nake zuwa. Ban san lokacin da na fara ƙosawa Juma'a ta zagayo ba.

Ya ce kuɗin mutanen Saka ne. Makiyaya ne masu dawaki, ba su da gari, can arewa da Indiya a wata ƙasa mai ciyawa da sanyi. Wasu da suka fi su ƙarfi suka koro su, suka yi ta gangarowa da dabbobinsu har suka faɗo inda jikokin Girkawa ke mulki a bakin Indiya, suka ci su da yaƙi. Shekara dubu biyu ke nan ko fiye, in ji akawun asibiti.

"To kai Tica, mutumin da ya tashi a bayan doki, me ya sani a buga kuɗi? Ai sai suka tarar da maƙera a zaune da kayan aikinsu. Ba su kore su ba. Cewa suka yi ku ci gaba, sai dai ku cire kan sarkinku ku sa namu bisa doki."

Haka kuwa suke. Mutum a kan doki, wani da mashi, wani da bulala. Akwai na azurfa, akwai na jan ƙarfe, har da masu kusurwa huɗu. Wani giwa, wani zaki. Akwai ɗaya mai sa da tozo, in ka gan shi sai ka rantse daga kasuwar Zakirai aka koro shi.

Gefe ɗaya rubutun Girkawa ne, ɗaya gefen na mutanen ƙasar, mai tafiya daga dama zuwa hagu. Wannan na biyun yana yi masa daɗi. Sai ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Ka gani? Kamar ajami. Ba ku 'yan boko kuka fara rubutu ba."

Na taɓa tambayarsa sunan sarkin. Ya ɓata rai.

"Kowa sarki yake tambaya. Ina ruwana da sarki? Ya taɓa riƙe masaɓa?"

Maƙeran su ne damuwarsa. Ya nuna mini yadda ake aikin. Sai an sassaƙa hoton a jikin ƙarfe a juye, rubutun ma a juye. A ɗora ɗan curin azurfa tsakanin hatimi biyu, a sauke masaɓa sau ɗaya. In hannu ya goce, rabin dokin ya fita waje, haka zai tafi duniya.

Yakan rufe ido ya ɗauki ɗaya, ya bi shi da babban yatsa. "Wannan da safe aka buga shi, mutumin ya ƙoshi." Ya ɗauki wani. "Wannan kuwa yamma ta yi, kafaɗa ta gaji." Ni dai ina dariya, amma in na duba sai in ga dokin farko a tsakiya daram, na biyun ya karkace.

Wanda ya fi so shi ne mafi muni a cikinsu. Wani baƙi-baƙi, azurfar kaɗan ce, sauran duk jan ƙarfe. Akawun ya gaya masa rubutun Girkancin da ke jikinsa ba ya karantuwa, haruffan a hargitse suke. Kofur ya ce ai shi ya gane abin da ya faru.

"Zamani ne ya juya. Waɗanda suka iya karatun sun mutu, sarauta ta tsiyace, aka miƙa wa wannan jan ƙarfe aka ce ya mai da shi azurfa. Bai san me rubutun ke cewa ba, zane kawai yake kwaikwaya. Amma dubi ƙafar dokin, Tica. Dubi yadda ya lanƙwasa ta. Wannan ɗan'uwana ne."

Ban taɓa samun malamin tarihi irinsa ba, ni da aka ba takardar shaidar koyar da tarihin.

To ga abin da na yi masa.

'Yan shekaru kafin Turawa su tafi, Baturen makarantu ya fito rangadi ya sauka a barikin garinmu. Mai Lofe muke ce masa, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Ni kuwa a lokacin babu abin da nake so a duniya irin a tura ni kwas a kwalejin horon malamai, kuma sai da sa hannunsa.

Ya shiga ajina, darasin bai yi kyau ba. Yaran suka daskare, ni ma harshena ya sarƙe. Na ga yana rubutu a littafinsa yana taɓe baki. Da muka fito ina neman abin da zan gyara sunana da shi, sai na ji bakina yana cewa akwai wani a garin nan mai kuɗin da suka shekara dubu biyu.

Ya cire lofen daga baki. Ya ce a kawo masa mutumin gobe da safe.

Da na je na gaya wa Kofur, murna ya yi. Wallahi murna. Ya ce yau Allah ya kawo wanda zai karanta masa gefen Girkancin da bakinsa. Ya wanke tsohuwar rigar soja, ya goge lambobinsa da toka.

Washegari aka taru a ƙofar gidan dagaci, ƙarƙashin ceɗiya. Bature a kan kujera, dagaci a gefe da mutanensa, ga kayan gaisuwa an jera, kaji a ɗaure da ƙwai a faifai. Ni ina tsaye a tsakiya, ni ne tafinta.

Kofur ya ƙame ya sara, sannan ya shimfiɗa ƙyallensa ya zazzage. Bature ya ciro wani ɗan gilashi ya duƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. Can ya karanta rubutun ɗaya a fili, ya ce ma'anarsa sarkin sarakuna, mai girma. Na fassara. Kofur ya yi dariya har da tafa hannu, ya juyo yana kallon jama'a ya ce, "Kun ji ko? Haka akawu ya faɗa mini!"

Rabona da ganin farin ciki irin wannan a fuskar mutum na manta. Shekara goma ana ce masa mahaukaci, yau ga Bature ya gaskata shi a gaban dagaci.

Sai Bature ya fara yabo. Ya ce bai taɓa ganin irinsu a hannun mutum ba sai a gidan ajiye kayan tarihi. Na fassara. Ya ɗaga mai hoton sa da tozon nan ya ce abin sha'awa ne. Na fassara. Ya sake cewa da ma yana da irinsu. Wannan ma na fassara, da ƙarfi, don kowa ya ji turancin ya zauna.

Yaran yanzu ba za su gane abin da wannan ke nufi ba. A wancan zamani, in babban baƙo ya yaba abu a ƙasarka ya maimaita, abin ya tashi daga hannun mai shi. Ko rago ne, ko tabarma, ko sirdi. Abin kunya ne ga mai gari baƙo ya tafi da sha'awar abu a ransa. Sai a sa masa a cikin gaisuwa. Shi kuma baƙon, in ya san ya kamata, ya san yadda zai mayar cikin mutunci, ko ya yi tukuicin da ya fi abin.

Dagaci bai yi shawara da kowa ba. Ya sa hannu ya tattara kuɗin ya zuba a gwangwani, ya rufe, ya ɗora a kan faifan ƙwai. Ya ce, "Gaya masa ƙasa tasa ce, da abin da ke cikinta."

Zan faɗi gaskiya ko a kan Bature ne. Mai Lofe bai miƙa hannu nan take ba. Ya dube ni ya tambaye ni da turanci, mai su ya yarda? Da son ransa ya bayar?

Na dubi Kofur. Ya koma ya ƙame, dugadugansa a haɗe, hannuwa a gefe, idonsa a kan ceɗiya. Haɓarsa ce kawai take motsi. Soja ne, ba a koya masa magana a gaban hafsa ba sai an tambaye shi. Kuma ba shi aka tambaya ba, ni aka tambaya.

Kalma ɗaya ce da ta isa. Da na ce a'a, na tabbata da mutumin nan ya ture gwangwanin. Dagaci ba ya jin turanci, da ba zai ma san abin da na ce ba.

Na tuna kwas. Na ce, "Yes sa." Har na ƙara da cewa murna yake yi.

Aka kai gwangwanin mota tare da kajin. Bature ya laluba jakarsa ya ciro tocila ya ba Kofur tukuici. Kofur ya karɓa da hannu biyu, ya sara, ya juya. Ko ƙyallen bai ɗauka ba. Batirin tocilar bai kai mako ba ya mutu, a garinmu kuma babu mai sayar da batir.

Ni kuwa na samu kwas ɗina. Da shi na zama hedimasta, da shi na yi duk abin da kuke kirana Baba Tica saboda shi.

Mutanen gari suka samu abin hira. Wai Bature ya raba Kofur da aljanunsa, yanzu sai ya warke. Har gida wasu suka je yi masa barka. Ya kwana biyu bai hura wuta ba, sannan ya koma bakin aiki, don gero ba ya jiran mai baƙin ciki ya huce.

Na ga ya gwada sassaƙa san nan mai tozo a jikin ƙarfe, daga abin da ya riƙe a ka, yana bugawa a kan dalma. Ya yi ya yi, abin yana fitowa kamar jaki. Rannan ya jefa hatimin cikin gawayi ya ce, "Hannuna na fartanya ne." Takardun ajamin ne suka rage masa, labarin kuɗi babu kuɗin. Su ma wata damina gara ta shiga akwatin ta cinye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai canza mini fuska ba. Na daina zuwa maƙera, shi bai daina zuwa wurina ba. Duk shekara kafin ruwan farko sai in tarar da sabuwar fartanya a jingine a zaurena, ƙotar an goge ta sumul. Da aka mai da ni wata makaranta wajen Tofa, a motar kasuwa yake aiko da ita.

Ranar da uwargidana ta rasu, shi ya fara shiga kabarin da magirbinsa, bai bari samari sun karɓe shi ba sai da ya kai ƙugu.

Na lallashi kaina da cewa bai san abin da ya faru ba. Ai turancin soja bai wuce lef-rai ba. A ganinsa dagaci ne ya cuce shi, ni tafinta ne kawai. Da wannan na yi ta kwana ina tashi har gashina ya yi fari.

Kusan mako uku da suka wuce na je wurinsa. Ɗana ne ya binciko mini hotunan kuɗin Saka a intanet, ga su nan birjik, ana gwanjonsu a ƙasashen waje. Na ga mai doki da bulala, na ga mai giwa, na ga san nan da tozonsa. Ban sani ba ko nasa ne, ko 'yan'uwansu ne. Na ce a kai ni ƙauye in nuna masa.

Ana yankan gero muka isa. Na same shi a zaure a kan buzu, ya haura casa'in, ya ƙanƙance. Na san yanar ido ta rufe masa gani shekarun nan, amma don wauta ban kawo abin a raina ba sai da na miƙa masa wayar.

Ya gane muryata tun daga sallama. "Tica ne? Yau da wace ƙafa ka fito?"

Na ce, "Baba, kuɗin Saka na kawo maka. Ga mai tozon nan a hannunka."

Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya ɗora babban yatsa a kan gilashin yana shafawa a hankali, sama da ƙasa. Ya juya bayanta ya shafa. Ya sake juyowa.

"Ina tozon?"

Na ce hoto ne, Baba, a cikin gilashin yake.

"Santsi kawai nake ji," in ji shi. Ya miƙo mini abata.

Nan na kasa riƙewa. Na ce Garba ya ba mu wuri. Na sauko daga kujerar da aka kawo mini na zauna a ƙasa, na faɗa masa komai. Tambayar da Bature ya yi, amsar da na bayar, da dalilin da ya sa na bayar. Ina magana ina kuka, tsoho da ni.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ai na ji ka. Ina tsaye a wurin."

Na ce, "Ka ji?"

"Shekara huɗu ina ƙarƙashinsu, Tica. In ban iya mayarwa ba, ai ina ji. Na ji tambayar, na ji amsar. Har murnar da ka ce ina yi na ji."

Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Ni zan faɗa? Jira nake ka faɗa da bakinka. Duk fartanyar da na aika maka, cewa nake bana zai zo ya yi magana."

Ban san inda zan sa kaina ba. Na kama ƙafarsa na ce, "Ka yafe mini don Allah."

Sai ya janye ƙafar a hankali.

"Shekara sittin na jira ka. Kai ma ɗan jira mana. Ka dawo ranar Juma'a bayan masallaci, kai kaɗai, ban da gilashin nan. Sai mu yi maganar."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Juma'ar farko na ce gwiwata ce. Ta biyu na ce motar tana wurin bakanike. Duka ƙarya nake yi wa kaina, tunda da gwiwar na je ɗaurin aure, kuma motar haya ba ta ƙare a Kano ba. Haushi na ji. Ni, hedimasta, mai jikoki, in zauna a ƙasa in yi kuka in roƙi mutum, ya ce in je in dawo? Na ce bari in bar shi ya ɗan ji shiru, Juma'a ta uku sai in je.

Juma'a ta uku gobe ce.

Ina cikin wannan rubutun Garba ya sake bugowa. Ya ce har an kai shi, ba su iya jira ba saboda rana. Ya ce liman ya roƙi jama'a duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa, kowa ya ce ya yafe. Su waye za su yafe masa? Me ya yi musu ban da gyaran garma?

Na daure na tambaye shi, "Garba, tsoho bai bar mini wani saƙo ba?"

Ya ce, "Babu, Baba Tica. Sai dai Juma'ar nan biyu, ana saukowa daga masallaci yake sa a fito da shi zaure, ya ce a shimfiɗa tabarma a gefensa kada kowa ya zauna. Haka zai zauna har la'asar ta yi sanyi. Mun tambaye shi wa yake jira, bai faɗa ba."

Ban san abin da ya shirya gaya mini ba. Ko na yafe ne, ko ban yafe ba. Ba kuma zan sani ba sai ranar da za a tsayar da mu ni da shi, inda babu tafinta.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo maka hannu wofi. Ka jiƙansa, ka haskaka kabarinsa kamar yadda ka jarrabe shi da duhun ido ya yi haƙuri. Ka musanya masa abin da aka raba shi da shi da wanda ya fi shi. Ka ba Garba da 'yan'uwansa juriyar rashi.

Ku da kuka karanta har nan, ba na son kowa ya rubuto mini cewa in yi haƙuri, ko ai ya yafe. Ba ku sani ba, ni ma ban sani ba. Ku ajiye wayar minti ɗaya ku karanta masa Ƙulhuwallahu, ku ambaci sunansa, Isiyaku maƙeri.

In addu'ar ta yi saura, ku roƙa mini Allah ya sa abin da ya zauna jira ya faɗa mini alheri ne.